Makullin Ɗakin Kwano

Sharafiyya, Jidda
Watan Shawwal

Malam Badaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida maiɗakinka da yara, da fatan zafin Kano bai kwantar muku da kowa ba. Ni jiki da sauƙi, ban da gwiwar nan da ta ƙi jinin matakala.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Alhaji Na'ibi mai kawo 'yan umara, kamar zamanin da yayanka yake da rai. An rufe mini layi. Ka san mu marasa iƙama, takardar izinin zama, ba ma sayen layi da sunanmu, wanda ya ara mini nasa sunan kuwa 'yan jawazat, jami'an shige da fice, sun kama shi, layin ya bi shi. Wayar da ta rage mini ita ce ta maƙwabciyata Zaituna, to da wane ido zan ce wa matar da ɗanta ya mutu ta ara mini waya in tambayi lafiyar nawa ɗan, Zaharadden?

Badaru, gidan nan ba ya shiguwa. Ɗan nata Mahmud a hannuna aka haife shi, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasu. In ciwon sikilarsa ya tashi yana ƙarami, ɗanka Zaharadden ne yake goya shi ya hau da shi bene. Ni ce kuma na zaunar da Zaituna na ce ta bar shi ya tafi jami'a a Kano, ai yayansa Zaharadden yana can, har ma yana da muƙami a ƙungiyar ɗaliban da aka haifa a nan. Yau ga shi an binne yaro a ƙasar da uwarsa ba ta taɓa takawa ba. Ita a unguwar Ruwais ta nan Jidda aka haife ta, takarda ko ɗaya ba ta da ita, in ta fita halas, ba dawowa.

Abin da aka faɗa mata a waya shi ne ciwonsa ya tashi a makaranta, Allah ya yi masa cikawa. Ba ta kuka, da ma ta yi. Duk wanda ya shigo gaisuwa tambaya ɗaya take yi masa: wa yake kusa da shi? Ya samu mai tuna masa kalmar shahada, ko shi kaɗai ya mutu?

Don Allah ka tambayi Zaharadden ka rubuto mini. Ka kuma ja masa kunne ya ci abinci, na san halinsa.

Matar yayanka,
Khairiyya

*

Kurna, Kano
Watan Shawwal

Hajiya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ki. Allah ya jiƙan Mahmud, ya ba mahaifiyarsa dangana. Da ni aka yi masa sutura, jama'a kuwa ta taru.

A tsaye nake rubutun nan, Alhaji Na'ibi yana jirana a mota. Amsar tambayarki: yaron bai mutu shi kaɗai ba. Tun daga lokacin da abin ya fara har numfashinsa ya ɗauke, Zaharadden bai matsa daga wurin ba. A cinyarsa ya cika, shi ne kuma ya laƙƙana masa kalmar shahada.

Iyakar abin da na tabbatar ke nan. Jami'a ta kafa kwamitin bincike. Na ɗauko Zaharadden ya dawo gidana, ba ya ci, ba ya magana. Ki bar takardar nan a wurinki tukuna, sai na sake rubuto miki.

Ƙaninki,
Badaru

*

Sharafiyya, Jidda
Ƙarshen Shawwal

Malam Badaru,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya saka maka, ka sauke mana dutse daga ƙirji.

Wai in bar takarda a wurina! Haba Malam, ku malaman makaranta komai sai kun sa masa doka. Irin wannan labarin ake ɓoyewa? Ko mayafi ban tsaya ɗauka ba na faɗa ɗakin Zaituna, mata cike, na karanta musu da ƙarfi. Da na zo wurin cinya da kalmar shahada, sai ta saki wani kuka da tun ranar rasuwar ba ta yi ba. Ta riƙe ƙafafuna tana cewa Allah ya yi wa Zaharadden albarka, Allah ya sa ya gama da duniya lafiya. Kowa a ɗakin ya ce amin. Wallahi ban taɓa jin daɗin haihuwa irin na ranar ba, Allah ya yafe mini, a gidan makoki.

Yanzu daga Sharafiyya har Aziziyya zancen ke nan. Jiya a wurin da nake sayar da dambu wata da ban sani ba ta tsaya ta ce, ke ce uwar yaron nan? Ta ƙi karɓar canjinta.

Ƙunshin da ke tare da takardar nan daga Zaituna ne. Farar jallabiya ce da ta ɗinka wa Mahmud ta babbar salla, da kwalbar turare. Ta ce Zaharadden ya sa, tunda yanzu shi ne ɗanta namiji. Ka ce ya ɗauki hoto da ita ya turo ta wayarta.

Shi kuma kwamitin nan na mene ne? Yaro mai sikila ai kowa ya san ƙarshen abin. Su bar mutane su ji da abin da ya dame su.

Khairiyya

*

Kurna, Kano
Watan Zulƙida

Hajiya,

Bayan gaisuwa. Lafiyar jiki muna da ita. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba, ki kuma rufe ƙofa.

Na ce ki bar takarda a wurinki, ba ki ji ba. Ni ma da laifina, na rubuta miki rabin magana. Da na miƙa wa Zaharadden jallabiyar nan sai ya ja da baya kamar na miƙo masa garwashi, ya fita tsakar gida ya yi ta amai. A nan bakinsa ya buɗe.

Ƙungiyar tasu a takarda ta taimakon juna ce, da rajistarta a jami'a. Amma suna da wata al'ada ta karɓar sababbi da suke kira tarhil. Kin fi ni sanin kalmar, tsarewar da ake yi wa mutum a can kafin a koro shi. Manyan ƙungiya su ne jawazat. Sai su kai wa sababbi samame, su bi su da gudu suna ihun ina iƙama, su tattara su su zuba a wani ɗakin kwano na ajiyar tarkace a bayan ɗakunan kwana, su kulle. Ba ruwa, ba taga, da tsakar rana, a wannan zafin. Wanda ya jure har la'asar ya zama ɗan gida. Wai wasa ne. Abin da iyayensu suke gudu a can, shi suka ɗauko suka mayar wasa a nan.

Hajiya, makullin ɗakin a hannun Zaharadden yake. Muƙamin da kike alfahari da shi ke nan.

Duk cikinsu shi kaɗai ya san Mahmud yana da sikila, don yaron ya roƙe shi kada ya faɗa, ba ya so a ce masa rago. Mahmud ya buga ƙofa. Shugabansu, wani Abdulmohsen, ya ce kowa ma bugawa yake yi, kada a buɗe. Ɗanki ya tsaya da makulli a aljihu yana jin bugun, har bugun ya daina. Ashe ma'anar maganar ke nan da na ce miki bai matsa daga wurin ba.

Ko da aka buɗe Mahmud yana da rai. Wannan shi ya fi ci mini rai. Asibitin jami'a daga bakin ɗakin ana hango rufinsa. Ba su kai shi ba. Sai suka naɗe shi a zanen gado suka haye da shi ɗaki, suka saki labule, suka rufe ƙofa, suka aika a kira wani ɗalibin likitanci ɗan cikinsu ya zo ya sa masa ruwa. Kafin a samo shi rai ya yi halinsa.

Na ce, don ubanka me ya hana ku kai shi asibiti? Tsoron asirinku ne? Ya ce har da shi. Sannan ya ce, Baffa, wallahi ko a raina bai zo ba. Mu in mutum ya faɗi, ɗaki ake shigar da shi a rufe ƙofa a kira Aishatu mai allura. Tun da nake ban taɓa ganin an kai namu asibiti ba.

Na ɗaga hannu zan mare shi, hannun ya ƙi sauka. Yaro a ƙasar ubansa, da katin ɗan ƙasa a aljihunsa, yana ɓuya kamar za a kama shi.

Yaran sun haɗa baki a kan cewa a filin ƙwallo ya faɗi. Haka suka gaya wa kwamiti. Ba a kira Zaharadden ba tukuna, na ce ba shi da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba.

Badaru

*

Sharafiyya, Jidda
Bayan babbar salla

Badaru,

Ina gaisuwa. Takardarka ta daɗe a hanya, an rufe umara saboda aikin hajji, sai da wata alhajiya ta sauko daga Makka ta kawo mini. Duk tsawon lokacin nan ina yawo ana sa mini albarka.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A banɗaki na karanta, na buɗe famfo don kada a ji ni ta bango.

Amma ka saurare ni. Kai ba ka taɓa zama a nan ba. Ba ka taɓa riƙe yaro jikinsa kamar wuta kana jin jiniya a titi kana toshe masa baki ba. Wa ya isa ya ɗauki mara takarda ya nufi asibiti? A tambaye ka iƙama, a riƙe mara lafiya, a riƙe wanda ya kawo shi. Ita kanta Zaituna sau nawa ta rufe ƙofa da Mahmud yana murƙususu muna jiran Aishatu? Haka muka raya su, da haka suka rayu. Yanzu don yaro ya yi abin da ya tashi ya ga ana yi sai a ce ya yi kisa?

Makullin kuwa, ba shi ne shugaba ba. An ce kada ya buɗe. Shi ma bara waccan ai an kulle shi ya fito lafiya, ko ba haka ba? Ya za a yi ya sani?

Na san abin da za ka ce. Ya sani. Shi ya goya shi. Kada ka faɗa mini, na faɗa wa kaina.

Badaru, don girman Allah, don darajar yayanka da ke kwance a ƙasar nan, ka bar yaron nan ya faɗi abin da sauran suka faɗa. Mahmud ba zai dawo ba. Shekara ɗaya ta rage wa Zaharadden ya gama. Da dambu da wankin gidajen Larabawa na kai shi inda yake, ba ni da wani sai shi. In ya yi magana korarsa za su yi, su miƙa shi ga 'yan sanda, shi Abdulmohsen ɗin da ubansa yake da kafili, Balaraben da ya tsaya masa, da shaguna a nan ya sulale. Wa aka yi wa adalci?

Ga wata kuma. Zaituna ta ce ba za ta iya ci gaba da zama ba ta ga kabarin ɗanta ba. Za ta miƙa kanta ga jawazat su kore ta. Mun yi mata magana har mun gaji, ta ce halas. Ba ta san kowa a Nijeriya ba, ko Hausarta rabi Larabci ce. Ta ce ba ta damu ba, ai tana da ɗa a can. Zaharadden take so ya tarbe ta a filin jirgi ya kai ta kabarin.

Ni Khairiyya na shiga uku. Ka gaya mini yadda zan yi.

Khairiyya

*

Kurna, Kano
Watan Muharram

Hajiya,

Muna lafiya, Allah ya sa ke ma haka. Na karanta takardarki, na ji tausayinki, ban kuma raina wahalarki ba. Amma abin da kika roƙa ba zan yi ba.

Kin ce Mahmud ba zai dawo ba. Gaskiya ne. To ki sani ɗakin kwanon yana nan, ko kwaɗon ba a canza ba. Kwamiti yana shirin rufe magana a kan cewa ciwo ne ya kashe shi, tunda ba mai ƙara, ba mai shaida. In aka rufe, ƙungiya tana nan da rajistarta, sababbin ɗalibai kuma suna hanya, 'ya'yan maƙwabtanki ne. Wannan karon ɗan wa za a saka?

Abdulmohsen ya zo gidana har sau biyu da fara'arsa, wai ya zo duba ɗan'uwa. Na biyun a soro na tsayar da shi. Ya ce, Baffa, mu 'yan takari ba ma kai junanmu gaban hukuma. Na ce nan ba Jidda ba ce, ni kuma ba baffanka ba ne.

Zaharadden ya rame har wuyansa ya fito. In aka buga ƙofar gida, ko yara ne, sai ya zabura ya dafe aljihu. Wannan kike so ya gama jami'a? Na gaya masa ba zan ja shi gaban kwamiti ba, amma in ranar zamansu na ƙarshe ta zo bai je ba, ni zan je in faɗi abin da na ji.

Kin ce in gaya miki yadda za ki yi. Ki shiga ɗakin matar nan ki faɗa mata kafin ta miƙa kanta. Tana shirin barin inda aka haife ta har abada saboda ta dogara da yaron da ba ta san abin da ya yi ba. In ta ji ta ce duk da haka za ta zo, gidana a buɗe yake. Amma ta zo da saninta. Ke kika karanta mata waccan takardar, ke ya kamata ki karanta mata ɗayar.

Badaru

*

Sharafiyya, Jidda
Watan Safar

Badaru,

Ina gaida ku duka. Zaituna ta tafi. Tana wurin tsarewa, an ce jirginsu Kano zai sauka, za su kira lambarka.

Ban faɗa mata ba.

Na shiga da niyya, wallahi na shiga, takardar tana cikin rigata. Na same ta a tsakiyar kaya tana rabar da tukwanenta. Ta ce, yalla Khairiyya, zo ki taya ni ɗaure wannan, hannuna ba ƙarfi. Na durƙusa na ɗaure. Na ɗaure na biyu. Ta ciro takalman Mahmud ta ce ko za su yi wa Zaharadden? Na ce za su yi.

Ta bar mini 'yarta Lama, ta ce ba ta yarda da kowa ba sai ni, har ta ga yadda ƙasar take. Yarinyar tana nan kwance a gadona.

Ka ce na yi rashin imani, ba zan musa ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka bar shi ya je filin jirgin. Ka ce ya yi tafiya.

Khairiyya

*

Kurna, Kano
Watan Rabi'ul Awwal

Hajiya,

Bayan gaisuwa. Hajiya Zaituna ta sauka lafiya, tana gidana, ɗaki ɗaya da maiɗakina.

Ban ce masa ya je ba, ban ce kada ya je ba. Na fito zan hau mota na tarar da shi a ciki. Tana hango shi ta yar da jakarta ta rungume shi a gaban jama'a tana ya waladi, ya waladi, wato ɗana. Ya tsaya kamar itace. Ta ce ba za ta sha ko ruwa ba sai an kai ta kabarin.

Muka tsaya da ita daga bakin katangar maƙabarta, inda ake hango kabarin, na nuna mata. Ta yi addu'a mai tsawo. Da ta shafa sai ta juyo ta kama hannunsa ta ce ya gaya mata abin da Mahmud ya faɗa na ƙarshe.

Sai ya durƙusa a ƙasa ya faɗa mata. Da Larabci ya yi, ban ji duka ba, amma na ji tarhil, na ga ya nuna aljihunsa. Bai rage komai ba, don na ga lokacin da ta saki hannun nasa. Ta tambaye shi da Hausa, ya buga ƙofar? Ya ce ya buga. Ta ce, ya kira sunan wa? Ya ce, nawa.

Na zaci za ta faɗi, ko ta rufe shi da duka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta gyara mayafinta ta ce, ina ne wurin masu binciken? Tashi ka kai ni. Ka tsaya a gabana ka faɗa musu kamar yadda ka faɗa mini.

Washegari ya kai ta. Ya ambaci sunan kowa, ya fara da nasa. An soke ƙungiyar, an rushe ɗakin, an kore su daga jami'a su duka masu hannu a ciki. Maganar tana wurin 'yan sanda. Abdulmohsen ba a gan shi ba tun ranar. Zaharadden yana tsare, na samo masa lauya, ina kai masa abinci, kuma yana ci. Ban san yadda shari'ar za ta ƙare ba, ba zan yi miki ƙarya ba.

Jiya na ce wa Hajiya Zaituna zan rubuto miki, ko tana da saƙo. Sai ta tambaye ni tun yaushe kika sani. Ban iya ɓoye mata ba.

Ta ce in rubuta kamar yadda ta faɗa, kada in gyara. Ta ce shi yaro ne, kuma ya dube ta ya faɗa da bakinsa, tsakaninta da shi sai abin da Allah ya yi. Ke kuwa kin durƙusa a ɗakinta kin ɗaure mata kaya.

Ta ce ranar da takardar nan ta same ki, ki kai Lama gidan ƙanwar ubanta a Ruwais. Kada ta ƙara kwana a ɗakinki.

Ƙaninki,
Badaru